Wayar da Ban Gaya wa Ayuba Ba

Lafia, Jihar Nasarawa

Zuwa ga 'yata Habiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki kin sauka Zariya lafiya, kin sami ɗaki, kin huce gajiyar hanya. Allah Ya tsare ki a ƙasa, Ya tsare ki a sama, Ya sa ki gama karatun tuƙin jirgin nan da kika ƙwallafa rai a kansa, ki dawo mana da ƙafafunki.

Mamana, labarin gida ki nema wurin Innarki a waya, ta fi ni iya shi. Abin da ya zaunar da ni rubutu daban ne. Kin san na yi shekaru ina tuƙa ƙananan jirage, na feshin gona da na ɗaukar mutum uku zuwa huɗu, kin kuma san na bari tun kina firamare. Da kika ce aikin nan kike so, na daɗe ban sakar miki fuska ba. Kin ɗauka don ke mace ce. Ba haka ba ne. Ko ƙaninki Sadiku ne ya zo mini da zancen, fuskar da zai gani ke nan. Tsoro ne kawai, irin na wanda ya san ramin da ke kan hanya don ya taɓa faɗawa.

Malamanki za su koya miki yadda ake yi daidai. Ni abin da nake da shi na ba ki shi ne inda na yi ba daidai ba. Ki karanta a natse.

Kamfanin da na yi wa aiki ƙarami ne: jirage uku, da titin jan ƙasa da aka share a daji a kan hanyar Doma. Matuƙan mu biyu ne, ni da Ayuba, mutumin Eggon, wanda ya riga ni shiga aikin, shi ne ma ya karɓe ni ranar da na fara. Yawancin aikinmu feshin gonakin shinkafa ne, kuma da sassafe ake yin sa, kafin iska ta tashi ta kwashi maganin ta kai gonar wani.

A daminata ta farko aka kwana ana ruwa, na kuma makara. Ƙa'ida ce kafin a tashi sai an tsiyayi mai kaɗan a kofi daga ƙasan kowane fiffike, a ɗaga a duba, domin ruwa ya fi mai nauyi, in ya shiga tanki ƙasa yake kwantawa. Na tsiyayi na dama, na gan shi garau. Na zagayo na hagu, sai na tarar da taɓo ya kwanta a ƙarƙashinsa, ba yadda zan kai hannu sai na durƙusa a ciki. Ga rana ta fara fitowa, ga wandona wankakke. Na ce a raina ai tanki ɗaya ya ba da shaidar ɗan'uwansa. Na hau.

Ban wuce tsayin itatuwa da yawa ba injin ya yi tari, ya sake yi, ya ɗauke. Ba ki taɓa jin shiru irin wannan ba, ina kuma roƙon Allah kada ki ji. Abin da zuciyata ta fara ba ni shi ne in juya in koma titin da na baro, tunda ga shi nan a bayana ina hango shi. Na fara karkata jirgin. Sai ya soma karkarwa, alamar gudunsa ya ragu har fikafikan sun kusa daina ɗaukar sa. Da na ƙara matsa masa kaɗan, da ka zai shiga ƙasa. Ba zan ce miki dabarata ce ta hana ni ba, Allah ne Ya sassauta hannuna. Na miƙe shi, na sunkuyar da hancinsa, na nufi abin da ke gabana. Gonar doya ce. Kunyoyin suka tsinke masa ƙafafu, ya wuntsila ya kwanta rigingine.

Na farfaɗo ina rataye a bel ɗin kujera, kaina a ƙasa, mai yana ɗiga mini a wuya. Wata tsohuwa 'yar Tibi ta leƙo ta taga, fartanya a hannunta.

"Oga, kai ya mutu?"

Na ce, "Ban mutu ba, Mama."

"To fita maza. Wannan abu yana warin fetur."

Ita da mijinta suka jawo ni ta cikin laka. Kafaɗata ta karye, haƙora biyu suka tafi, su ne na ƙarfen nan da kike tambaya ta kina ƙarama. Da injiniya ya zo ya buɗe tankin hagu, ruwan da ya fito ya cika kwalba. Robar murfin ce ta tsufa, ruwan sama ya kwana yana shiga.

Saboda haka, Mamana, abin da aka ce ki duba, ki duba shi duka, da idonki da hannunki, ko da wani ya rantse miki ya riga ya duba, ko da jiya ma kin duba. Ranar da kika fi sauri, ranar ce ya fi kamata ki tsaya. Kuma in injin ya mutu kina kusa da ƙasa, ki manta da titin da ke bayanki. Ki sauka a abin da ke gabanki, gona ce ko fadama, kina riƙe da jirgin har ya tsaya. Jirgi na kamfani ne, ana sayen wani.

Kuskure na biyu ya shafe ki, don a jajibirin sunanki ya faru.

An aike ni Jos da ƙaramin jirginmu na fasinja in ɗauko wani jami'in gona, Malam Isiyaku. Taronsu ya ja, ba mu isa filin jirgi ba sai bayan la'asar. Mai kula da yanayi ya gaya mini akwai hadari a hanya, yana tasowa daga gabas. Ni ma ina da ido, na gan shi. Amma an ɗaure rago a gida, 'yan'uwa sun zo daga Shabu da Ashige, ke ce kuma 'yata ta fari, sunan mahaifiyata za a sa miki. Ban ga yadda za a yi a raɗa sunan ba na wurin ba. Ko motar haya da zan iya bi ban tsaya na yi tunanin ta ba.

Malam Isiyaku ya dubi sama ya ce, "Kyaftin, wannan hadarin fa?"

Na ce, "Za mu riga shi."

Ya shiga, don ya ɗauka na san abin da nake faɗa.

Har muka gangaro wajen Akwanga lafiya. Daga nan girgije ya fara saukowa, ni ma na riƙa saukowa don in zauna a ƙarƙashinsa. Yana matsowa ina matsawa, alhali na san duwatsun Eggon suna gabana. Sau da yawa na sami damar juyawa. Kowane karo sai in ce bari in ƙara gaba kaɗan in gani. Ban san lokacin da ƙasa ta ɓace ba. Na duba taga, fari fat, kamar an kifa mu a ƙwaryar nono.

Ni ba a horar da ni sosai a kan tuƙi cikin girgije ba, jirgin ma ba na wannan aikin ba ne. Ga abin da nake so ki riƙe: jikina ya gaya mini muna tafiya daidai, a miƙe. Da an ba ni Alƙur'ani a lokacin da na rantse. Agogunan awo da ke gabana kuwa suna nuna mun karkata hagu muna faɗuwa. Na ce agogo ne ya lalace. Ƙarar iska tana ƙaruwa, allurar tsayi tana zubewa, ni ina zaune ina gaskata jikina.

Da muka ɓullo ta ƙasan girgijen, sai na ga itatuwa a tagar gefe, inda sama ya kamata ta kasance, ga baƙin dutse ya cika gilashin gaba. Na daidaita fikafikan, na ja sandar tuƙi da duk ƙarfina. Mun wuce kusa da dutsen har na ga ruwa yana gangarowa a jikinsa. Daga nan na sami kwalta na bi ta ƙasa-ƙasa cikin ruwa, kamar direban mota, har muka iso.

Da muka tsaya, Malam Isiyaku ya fito ya zauna a kan tayar jirgin ruwa yana dukan sa. Can ya ɗago kai.

"Kyaftin, kai ɗa guda kake sauri ka gani. Ni biyar na bari a gida, ba ka tambaye ni ba."

Bai ƙara shiga jirgina ba, ko a kasuwa muka haɗu daga nesa yake ɗaga mini hannu. Washegari aka yi suna, na zauna cikin mutane ana yi mini barka, nama yana gabana ban taɓa ba. Sai da kika yi arba'in na gaya wa Innarki. Ta dube ki a cinyarta, sannan ta ce, "Da ka kwana a Jos, da yayanka ya tsaya maka, ka dawo ka tarar da ita da sunanta. Ban san wa ya gaya maka sai da kai ba."

Babu wani abu da ke jiran ki a ƙasa da ya kai a shiga hadari dominsa. Ba biki ba, ba jarrabawa ba, ba babban mutum da ke duba agogo yana tsaki ba. Ko ce miki aka yi ga ni kwance rai a hannun Allah, in sama ba ta yi kyau ba ki zauna, na yafe miki tun yau. Shawarar tafiya ko fasawa a ƙasa ake yanke ta, kafin a rufe ƙofa, domin da zarar an tashi zuciya ta iya kawo dalili. Ki koyi cewa "ba za mu tafi ba" ba tare da kin yi murmushin ban haƙuri ba. Za a ce ke matsoraciya ce, za a ce ai mace ce. Ki bar su su faɗa. In kuwa ƙaddara ta sa kin tsinci kanki a cikin girgije, ki ƙaryata jikinki, ki gaskata agogo. Kuma ki tuna wanda ke zaune a gefenki bai san komai ba sai abin da kika gaya masa. Ransa ya ba ki amana.

Akwai ƙanana da yawa da ba zan cika miki takarda da su ba. Na taɓa dagewa sai na sauka alhali ina ganin shanun Fulani suna tsallaka ƙarshen titinmu, don kawai ina jin nauyin a ga na zagayo sau biyu. Farfela, wato fankar gaban jirgin, ta sare maraƙi, na yi yini a gaban Arɗo ina ba da haƙuri, shi kuwa abin da yake ta maimaitawa shi ne 'yarsa tana bayan maraƙin nan da taku kaɗan. In sauka ba ta yi miki ba, ki ba jirgin wuta ki tashi ki sake zagayowa. Ba a taɓa binne matuƙi don ya zagayo ba.

Yanzu sai na Ayuba. Kin san ya mutu a jirgi, kin san sunana yana cikin maganar, ba a ɓoye muku ba. Amma ban taɓa zaunar da ke na faɗa miki yadda aka yi ba.

Lokacin na daɗe a aikin, har ana cewa hannuna ya faɗa. Akwai wata gonar shinkafa a bayan Doma, kusa da rafi, wadda na fesa har ban san iyaka ba. Ƙa'ida ita ce kafin ka sauko feshi ka zagaya gonar daga sama, ka ga ko akwai abin da ya canja. Ran nan ban zagaya ba. Na ce gonar da na sani kamar tafin hannuna. Sabo turken wawa. Ashe a cikin makonnin da ban je ba an kafa injin ban ruwa a bakin rafin, an ja masa wayar wuta ta ratsa ƙarshen gonar. Turakun suna cikin itatuwa, ba a ganin su, waya kuwa daga sama ba ta fi zare ba.

Ina ƙasa-ƙasa, tayoyina sun kusa shafar shinkafa, na zo ƙarshen layi zan ɗaga, sai na ga wani abu ya ƙyalla a gabana. Babu lokacin hawa. Na danna jirgin ƙasa na bi ta ƙarƙashinta. Na ji ta ta karci saman wutsiyar. Na gama feshin ranar ina kauce mata, rigata ta jiƙe sharkaf.

Da na sauka, Ayuba yana zaune a inuwar rumfa yana cin gasasshiyar doya da manja. Ya miƙo mini yanki.

"Mutumina, yaya gonar rafi?"

Na ce, "Lafiya lau."

Abin da na faɗa ke nan. Na sha tambayar kaina dalili. In na ce akwai waya, zai ce yaya aka yi ban gan ta ba tun daga sama, sai in ce ban zagaya ba. Shi kuwa mutum ne mai tsokana, zai yi wata yana yi mini dariya, maganar kuma za ta kai ofis. Ga shi sauran rabin gonar ni ne zan ƙarasa washegari, ni kuma na riga na san inda wayar take. Na ce in hankalina ya kwanta zan gaya masa, in sami yadda zan faɗe ta ba tare da na ji kunya ba.

Da yamma zazzaɓi ya rufe ni. Na sha magani na kwanta. Da asuba Innarki ta ga ba zan iya tashi ba, ta aika a gaya wa ofis. Su kuma suka tura Ayuba ya ƙarasa feshin. Ban farka sosai ba sai da hantsi, kuma da na ji an ce Ayuba ya tafi gonar rafi, na fita tsakar gida ba takalmi ina neman wayar tarho. Kafin ofis su same shi a rediyo, an riga an hango hayaƙi daga Doma.

Waɗanda suke wurin sun ce shi ya zagaya gonar, kamar yadda ya saba. Bai gan ta ba, rana tana idonsa. Wayar ta kama ƙafafun jirgin, ta kifa shi a bakin rafi, wuta ta tashi. Manoma suka zo da bokitai, zafi ya hana su matsawa. Sun ce sun ji muryarsa na ɗan lokaci.

Na je wurin da zazzaɓina. Abin da muka naɗe a zani muka sa a mota, Mamana, bai kai girman Sadiku a lokacin ba.

Da masu bincike suka zo, na gaya musu komai. Suka rubuta, suka ce an ja waya ba a sa mata alama ba, ba a kuma sanar da kowa ba, suka ja mini kunne. Ba wanda ya karɓe mini lasisi. Bayan an binne shi a ƙauyensu a gindin dutse, na je gidansa na sami matarsa Rifkatu. Tana zaune a tabarma, ƙaramin ɗansu yana barci a bayanta. Na durƙusa na faɗa mata. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Ya tambaye ka?"

Na ce, "Ya tambaye ni."

"Ka ce masa me?"

"Na ce lafiya lau."

Ta gyara goyonta. "To, tashi ka tafi. Ba na so yara su ji."

Na ci gaba da tashi na 'yan watanni, amma duk ƙarshen layi sai in ga waya inda babu. Matuƙin da ke ganin abin da babu ya zama haɗari ga kowa. Na ajiye, na buɗe shagon taki da irin shuka da kika taso kika gan ni a ciki.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, na kuma yi imani. Amma Allah Ya nuna mini wayar nan kwana guda kafin ta kashe shi, Ya bar ni da rai, Ya kawo shi gabana ya tambaye ni da bakinsa. Wannan ba abin da zan jingina wa ƙaddara ba ne.

Don haka, a duk abin da na rubuta, in guda ɗaya za ki riƙe, ki riƙe wannan. Za ki yi kuskure, ba makawa, kowane matuƙi yana yi. Ranar da kika yi wanda ya tsorata ki kika kuma tsira, kada ki bar filin jirgi sai kin faɗa. Kafin ki sha ruwa, kafin ki cire takalmi. Ki gaya wa malaminki, ki gaya wa wanda zai hau jirgin bayanki, ki faɗe shi yadda ya faru har da wautar da ke ciki. Kada ki jira ki sami kalmomin da za su rufa miki asiri. Tsirar da kika yi ba taki ba ce ke kaɗai, saƙo ne aka ba ki ki kai wa na bayanki. In an yi miki dariya, ki bari a yi. In kuma wani ya zo yana ba da labarin nasa kuskuren, kada ki kasance cikin masu dariyar, don kada gobe ya yi shiru.

Rifkatu ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwata. Daga baya ta fara amsawa a taƙaice, a nan muka tsaya, ban kuma nemi fiye da haka ba. Makon da za ki tafi ta shigo shagona sayen maganin ciyawa. Na ɗaure mata, ta karɓa, har ta kai ƙofa sai ta juyo.

"Na ji Habiba za ta koyi jirgi."

Na ce, "Haka ne."

"Ka hana ta?"

"Na gwada."

Ta ce, "Kada ka hana ta. Amma ka gaya mata na Ayuba, yadda ka gaya mini. Kada ka gyara komai."

Ban iya faɗa miki a tasha ba, ga Innarki tana kuka, ga direba yana kira. To ga shi na faɗa, ban kuma gyara ba.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki yi barci isasshe, kada ki hau jirgi da yunwa ko da ɓacin rai. Duk sanda za ki rufe ƙofa ki yi addu'ar hawa abin hawa, sannan ki yi aikinki kamar yadda aka koya miki, don addu'a ba ta tsiyayar mai a kofi.

Innarki da Sadiku suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ido mai gani da baki mai faɗar gaskiya. Ya kare ki daga sharrin iska da ruwa da ƙarfe, da sharrin zuciyarki. Ya sa duk tashin da za ki yi ya ƙare da sauka lafiya, ke da duk wanda ya zauna a gefenki. Na ba Allah ajiyar ki, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinki,
Musa